Kwana Uku Da 'Ya'yan Mutane Goma Sha Takwas

Labarin wata tafiya na zo muku da shi, wadda na yi a watan Agustan 2025 lokacin dogon hutu, inda aka damƙa mini 'ya'yan mutane goma sha takwas, duk maza, duk 'yan ƙwallo, muka tashi daga Kano zuwa Kaduna. Na daɗe ina juya maganar a raina, ko in rubuta ko in bari, domin akwai inda ni kaina ban fita da kyau ba a cikinta. Sai da na nemi izinin mahaifiyar yaron da abin ya shafa, ta ce in rubuta amma in sakaya suna, shi ya sa ba za ku ji sunan kowa ba.

Duk wanda ya san ni a makarantarmu ya san ba na shiri da ƙwallo. Shekara tara ina koyarwa a Islamiyya tun da na gama kwalejin ilimi, kuma babu abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya kamar ta. Ranar Asabar da Lahadi da yamma, in dai ana wasan Ingila a gidan kallo, to ajina na maza rabinsa wayam. Wanda ya zo ma jikinsa ne kawai a aji, kunnensa yana can bakin titi yana jiran ihu. Yaron da na yi wata biyu ina fama da shi a kan hadisi uku na Arba'una, shi ne zai zayyano miki cewa Ahmed Musa ya ci Ajantina ƙwallo biyu a 2014, ya sake cin Aisilan biyu a 2018, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na sa su kamun kunne, na sa su shara, na aika wa iyaye takarda, duk a banza.

To da shugaban makaranta ya kira ni ofis ya ce ni ake so in raka yaran sashen boko gasar sada zumunta da wasu makarantu suka shirya a Kaduna, ta 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar, dariya na yi, na ɗauka tsokana ce. Ashe da gaske yake. Ya ce iyaye mata ne suka ƙi sa hannu a takardar izini, sun ce ba za su ba da 'ya'yansu ga koci da direba kaɗai ba, sai in da mace a tafiyar, kuma sunana suka ambata.

Ban ga laifinsu ba. A ranar 31 ga Mayun 2025, wato ko wata uku ba a yi ba, motar 'yan wasan jihar Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Abekuta ta faɗa ƙarƙashin gadar Dakatsalle a kan hanyar Zariya, sama da mutum ashirin suka rasu, saura ƙiris su iso gida. Allah Ya jiƙansu da rahama. Garin nan kaf ya girgiza. A irin wannan lokaci ka zo wa uwa da maganar mota da 'yan wasa da hanyar Zariya, ai ka san abin da zai fara faɗo mata a rai.

Na kai wa Abban yara maganar ina fatan ya hana, in samu abin fakewa. Sai ya yi shiru, can ya ce tunda mata sun yarda da ke har haka, kada ki watsa musu ƙasa a ido, amma ba za ki tafi babu muharrami ba. Aka tsayar da ƙanena da yake hutun jami'a zai bi mu, 'yan yarana kuma Hajiya ta ce a kawo mata su.

Daga nan sai malantar ta motsa. Na zauna na tsara takarda irin wadda aka koya mana a kwaleji: sunan yaro, shekarunsa, lambar wayar uwa da ta uba, abincin da ba ya ci, sannan layi na ƙarshe, ko yana da wata lalura ta rashin lafiya. Takarda goma sha takwas na raba, goma sha takwas suka dawo. A layin ƙarshen nan kowa ya rubuta “babu”. Na ji daɗi, na haɗa su na sa a jaka, ina ganin na gama aikina. Na sayi farasitamol, da bandeji, da man zafi, da gishirin ORS, da kwali biyu na maganin sauro mai hayaƙi, igiyar leko, tunda damina ce kuma an ce a aji yaran za su kwana. Har ina yaba wa kaina da tsari.

Ranar Litinin da sassafe bakin makaranta ya cika kamar za a kai amarya. Kowace uwa da ƙunshinta: wannan dambun nama, wannan cincin, wannan garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji a leda. Kowace kuma sai ta ja ni gefe. “Malama, nawa ba ya cin abinci sai an tsare shi.” “Malama, ga kuɗinsa a hannunki, in kin ba shi duka yau zai ƙarar.” “Malama, a kula da asubarsa, nauyin barci gare shi.” Yaran kuwa sai noƙewa suke suna hararar iyayen, wai ana kunyata su a gaban abokai. Akwai wata baiwar Allah da ta tsaya can nesa, ba ta matso ba. Ɗanta shi ne mafi ƙanƙanta a tawagar, shekararsa goma sha biyu, siriri, mai saurin tsiya, 'yan uwansa suna kiransa Auta, ni ma da haka zan kira shi. Na lura ta buɗe baki kamar za ta yi mini magana, sai ta fasa, ta ce Allah Ya kiyaye hanya. Na amsa na wuce, hankalina yana kan ƙirga kawuna.

Muka ɗau hanya a bas ƙirar kwasta wajen ƙarfe bakwai. Kafin mu fita Na'ibawa na sa kyaftin ɗinsu ya ja addu'ar hawa abin hawa suka amsa. Daga nan fa sai surutu da waƙe-waƙen ƙungiya da musu a kan Barsa da Madrid, har muka wuce Kura, gonakin shinkafa kore shar hagu da dama. Muna dosar Dakatsalle direba ya rage gudu ba tare da kowa ya ce masa komai ba. Motar ta yi tsit. Yaran nan da nake ganin ba su san komai ba sai shirme, duk suka leƙa ta taga. Wani daga baya ya ce a hankali, “Malama, nan ne ko?” Na ce nan ne. Ya ce, “To a yi musu addu'a mana.” Ni da nake malamar ban riga shi tunawa ba. Muka yi, muka shafa, kuma har Kwanar Dangora babu wanda ya sake ɗaga murya.

A Tashar Yari suka dawo hayyacinsu saboda rake. Sai da na zama 'yar sanda a bakin ƙofa, mutum biyu kaɗai na bari suka sauka da ƙanena suka sayo wa kowa. Wannan ita ce dokar da na kafa tun daga nan: ba mai sauka shi kaɗai, kuma duk tsayawa sai na ƙirga. Na ƙirga a Kwangila ta Zariya, na ƙirga a Mararrabar Jos, na ƙirga a Kawo. Kafin mu dawo gida sun mayar da abin wasa, da na miƙe sai su fara da kansu, ɗaya, biyu, uku, har goma sha takwas, Auta ne kullum na ƙarshe.

Abu ɗaya da ya faranta mini rai a ranar farko shi ne sallar Azahar. Tsakanin Kano da Kaduna ya haura kilomita 200, nisan ƙasaru kuwa a mazhabarmu ta Malikiyya mil 48 ne, wajen kilomita 80, kuma ba mu yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Babin nan na sallar matafiyi na karantar da shi a Risala ya fi sau nawa, suna hamma. Ranar da ƙanena ya ja su raka'a biyu ya sallame, sai ga hannuwa a sama. Magariba fa? Ba a rage ta, ita da Asuba. In mun bi limamin gari fa? Sai ku cika huɗu tare da shi. Golanmu, wani dogo mai ban dariya, ya ce, “Malama, to mu tare a hanya mana, ashe sallar ta fi sauƙi.” Na daka masa tsawa, amma na juya baya ina dariya. Abin da allo ya kasa shigarwa a zango guda, hanya ta shigar a wuni ɗaya.

Da yamma suka buga wasan farko suka ci biyu da nema. Ban san dokokin ba, sai ƙanena yake yi mini bayanin satar gida, har yau ban ce na gane ba. Abin da na gane shi ne Auta. Da aka sako shi bayan hutun rabin lokaci, yaron da ko muryarsa ban cika ji a aji ba, sai ga shi yana ratsa manya kamar iska, shi ya ba da ƙwallon da aka ci ta biyu. Na ga ya durƙusa bayan an tashi, hannu a gwiwa, yana tari. Na miƙa masa fiya-wata na ce gajiya ce. Shi ma ya ce gajiya ce.

Masaukinmu wata makaranta ce. Yara da koci da ƙanena a aji ɗaya, an ture bencina an shimfiɗa tabarmi da katifu, ni kuma aka ba ni wani ɗan ofis da ke jikinsa. Bayan Isha aka tsuge da ruwa, aka ɗauke wuta, sauro kuwa kamar a kama da hannu. Na ɗauko igiyar lekon nan, da hannuna na kunna guda huɗu, na ajiye ɗaya a kowace kusurwa, na sa aka rufe tagogi saboda feshin ruwa. Na yi musu sai da safe, na tafi na kwanta da zuciya ɗaya.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare na ji ana dukan ƙofa. Kyaftin ne, muryarsa tana rawa. “Malama, ki zo, Auta ba ya iya numfashi.”

'Yar uwa, ban san yadda na zura hijabi ba. Na shiga ajin da fitilar waya, hayaƙi ya tokare ko'ina. Na same shi zaune ya dafa ƙasa da hannu biyu, kafaɗunsa suna hawa suna sauka, ramin wuyansa yana lotsawa duk jan numfashi, ƙirjinsa yana wani irin fito kamar an matse usur. Na ce me ya same ka? Ya buɗe baki, kalma ɗaya ya kasa haɗawa. Koci yana cewa a kwantar da shi, wani yaro yana cewa iska ce a yi masa tofi, ni kuma na tsaya da jakar magani a hannu, farasitamol da bandeji, babu abin da zai yi mini amfani a ciki. Sai kyaftin ya fashe da kuka ya ce, “Malama, asma gare shi. Abin shaƙarsa yana cikin safa a ƙasan jakarsa. Ya sa ni na rantse ba zan faɗa ba.”

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A lokacin na dubi kusurwar ajin, na ga jan wutar igiyar da na kunna tana ci a hankali.

Muka zazzage jakar. Ga shi kuwa, ɗan shuɗin inhela naɗe a cikin safa. Ƙanena, Allah Ya yi masa albarka, yana da abokin ɗaki mai irin ciwon a makaranta, shi ya hana a kwantar da shi, ya ce a fito da shi baranda ya zauna a miƙe, a kashe hayaƙin, a buɗe tagogi. Ya girgiza abin ya sa masa a baki, ya fesa, ya jira kaɗan, ya sake. Ya ɗan lafa kamar zai saki, sai ya dawo. A fesawa ta biyar ko ta shida abin ya daina fitar da komai, ashe dama ya kusa ƙarewa.

Aka tashi direba. Ni da ƙanena da maigadin makarantar da ya san gari muka ɗauke shi, koci ya zauna da sauran. Wannan tafiya ba ta fi minti ashirin ba, amma ban taɓa ganin hanya mai tsawonta ba. Ruwa yana zuba, titi babu kowa, yaro yana jingine a kafaɗata ina jin yadda haƙarƙarinsa ke fama. Duk addu'ar da na sani na karanta, wata ma na fara ta na kasa ƙarasawa. Abin da yake yawo a kaina ɗaya ne: da wane baki zan gaya wa matar nan? In ce mata me? Ta ba ni ɗa yana gudu da ƙafarsa.

A asibiti Allah Ya haɗa mu da wata sista mai kirki. Ba ta tsaya tambayar kati ba, ta sa masa wani abin rufe hanci da baki da ke haɗe da na'ura mai fitar da magani kamar tururi, nebulaiza suke kiranta. Likita ya zo ya ƙara masa wani magani. A hankali fiton ya ragu, kafaɗun suka sauka. Wajen ƙarfe uku da rabi ya ɗago ya dube ni, maganar farko da ta fito daga bakinsa ita ce, “Malama, don Allah kada a cire ni gobe.”

Likitan ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da ya kamata a ce na sani tun kafin in karɓi ɗan kowa. Ya ce asma hanyoyin iska ne na cikin huhu suke kumbura su tsuke idan wani abu ya taɓa su, kuma hayaƙi yana sahun gaba, har da na maganin sauro da turaren wuta da na itace, sai ƙura, da sanyi, da mura, wani lokaci da gudu mai yawa. Yaron ya yi gudu da yamma, ga sanyin ruwa, sannan aka rufe shi a ɗaki da hayaƙi. Ya ce ba a ɗaukar ta daga wani, ba kuma iska ba ce. Mai ita in ta tashi ba a kwantar da shi, zaunar da shi ake yi, a ba shi abin shaƙarsa, in bai saki ba ko ya kasa magana a garzaya asibiti, ba a jiran gari ya waye. Na ce to shi ke nan ya bar ƙwallo ke nan? Ya yi murmushi ya ce ko kaɗan, yaron da ake kula da asmarsa yana wasansa lafiya, likita yakan ma tsara masa ya shaƙi maganin kafin ya shiga fili. Ya ce David Beckham da Paul Scholes, da suka yi suna a Manchester United, duk suna da ita. Ni ban san su ba, amma na ga idon Auta ya buɗe.

Bayan na yi sallar Asuba na kira mahaifiyarsa. Ba zan ɓoye muku ba, da fushi na kira. Na shirya maganganu a bakina tun cikin dare, a kan amana, a kan ƙarya a takarda, a kan yadda ta jefa ni da ɗanta cikin halaka. Na fara da cewa yana lafiya yanzu, sannan na gaya mata abin da ya faru. Ta yi salati, ta yi kuka mai isarta. Da ta natsa na ce, “Maman Auta, me ya sa? Na tambaya a rubuce, kika ce babu.”

Ta yi shiru. Can ta ce, “Malama, in tambaye ki tsakaninki da Allah. Da na rubuta, za ki tafi da shi?”

Na buɗe baki na rufe. Domin amsar a fili take. Da na ga kalmar asma a takardar nan, a ranar zan je wurin shugaban makaranta in ce a cire shi, ba zan ɗauki kasada da ɗan mutane ba. Ba zan nemi likita ba, ba zan kira ta in ji yadda ake kula da shi ba. Zan soke sunansa in ji na yi abin kirki. Ashe layin nan da na rubuta ba don in taimaki mai lalura na rubuta shi ba, don in tace shi in ajiye gefe ne, kuma iyayen sun fi ni sanin haka.

Ta ci gaba da magana, ni kuma na yi shiru ina saurare. Ta ce tun yana shekara biyar ake cire shi a komai. A makarantarsa ta farko da ta faɗa, sai aka hana shi fita tara, yana zaune a aji yana leƙen 'yan uwansa ta taga. Wata maƙwabciya ta hana 'ya'yanta shan ruwa a kofi ɗaya da shi. A dangin ubansa har an fara cewa ciwon daga ɓangarenta ne, wata kuma ta ce ta daina ba shi abin shaƙar nan, wai in ya saba ba zai iya rayuwa babu shi ba, wanda likita ya ce mata ba gaskiya ba ne. Da suka sauya makaranta sai ya roƙe ta kada ta gaya wa kowa. Ƙwallon nan ita ce abu na farko da aka taɓa zaɓarsa a ciki saboda ya fi wasu. Daren da za a tafi bai yi barci ba don murna, ya wanke takalminsa sau biyu. Ta ce, “Da safen nan na zo in gaya miki, na ga idonsa a kaina, na kasa.”

Ban ce ta yi daidai ba, kuma har gobe ba zan ce ba. Da ta faɗa mini ko da a kunne ne a bakin mota, da ban kunna hayaƙin nan ba, da na duba abin shaƙar na ga ya kusa ƙarewa na saya masa sabo a kemis kafin mu bar gari. Ran yaro ba abin caca ba ne, kuma wanda za ki ba wa ɗanki ya kwana da shi a wani gari yana da haƙƙin sanin abin da ke jikinsa. Na gaya mata haka, ta amsa. Amma fushin da na zo da shi ya riga ya sace kamar tayar da ta taka ƙusa, domin na ga rabona a cikin laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Daga baya da na bi diddigi a hankali, a cikin goma sha takwas ɗin nan da suka ce babu, akwai mai gyambon ciki, akwai kuma wanda har yanzu yakan yi fitsarin kwance, shi ya sa ya ƙi katifa ya zaɓi tabarma a bakin ƙofa, ya ce zafi yake ji.

Likita ya hana Auta wasa a ranar Talata. Ya zauna a benci kusa da ni da sabon inhela a aljihu, hawaye yana bin fuskarsa, yana ba 'yan uwansa umarni da ƙaramar murya. Sun yi kunnen doki a wasan safe, da yamma aka fitar da su a bugun fenariti. Golan nan mai ban dariya ya kwanta a ƙasa yana kuka kamar an yi masa mutuwa. Na tsinci kaina ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri, ni da nake sa su kamun kunne a kan ƙwallo. A hanyar komawa masauki direba ya bi da mu ta gaban filin wasa na Ahmadu Bello don ya ɗan faranta musu, koci yana ba su labarin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Nijeriya a 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a nan da kuma Kano, har muka kai wasan ƙarshe Suwizalan ta ci mu ɗaya da nema a Abuja. Babu ko ɗaya a cikinsu da aka haifa a lokacin.

Sai kuma aka zo maganar komawa. Tunda an fitar da mu, koci da direba suka ce a kama hanya bayan Magariba, a huta da kuɗin abincin wani dare. Na ce ba inda za mu. Direban nan tun ƙarfe ɗaya na daren jiya idonsa biyu saboda mu, kuma na tuna hukumar kiyaye haɗurra ta danganta abin da ya faru a Dakatsalle da gajiya da gudu bayan doguwar tafiyar dare. Koci ya ce, “Haba Malama, awa uku ce fa.” Na ce ko awa ɗaya ce, in kuɗin abinci ne a cire a nawa. Ransa bai so ba, amma ya bari. A daren muka kwana tagogi a buɗe, babu hayaƙi, kowa ya shafa man sauro, Auta kuma aka ɗaura masa gidan sauron da maigadi ya ara mana. Ni dai ban runtsa ba, duk bayan awa sai na zo bakin taga na kasa kunne.

Ranar Laraba kafin Azahar muka iso. Na tsaya a ƙofar mota ina miƙa kowane yaro hannun wanda ya zo ɗaukarsa, suna ƙirga kansu da ƙarfi suna dariya. Da aka zo goma sha takwas, mahaifiyarsa ba ta tsaya nesa ba wannan karon. Ta rungume shi a gaban abokansa, bai kuma noƙe ba. Ta kama hannuna ta riƙe, ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Da aka koma makaranta na sake rubuta takardar. Layin ƙarshe yanzu yana cewa a faɗa mana lalurar yaro da maganin da yake sha da abin da ke tayar masa da ita, kuma a ƙasa na ƙara da babban rubutu cewa faɗar ba za ta sa a cire shi ba sai in likita ne ya hana. Sai da na yi zama biyu da shugaban makaranta kafin ya yarda a sa wannan jimlar. A zangon farko takarda bakwai suka dawo da rubutu a layin.

Auta kuwa, Asabar ta biyu da komawa Islamiyya ya shigo mini aji a makare da kusan rabin awa, ƙafa duk ƙura, shuɗin abin nan yana leƙowa daga aljihun rigarsa a fili. Na ce daga ina? Ya sunkuyar da kai ya ce, “Malama, ƙarin lokaci aka yi.” Na nuna masa tsintsiya.